Ƙas-ƙas a Kan Hanyar Wurogauri

Gwandu, ranar Talata

Ƙarfe shida saura kwata, ana fitowa daga sallar asuba, na ɗaure kular magani a bayan babur. Ni malamin dabbobi ne, kuma tun daren Lahadi Ardo Umaru na Wurogauri, abokin mahaifina, ya bugo waya cewa ciwon huhu ya shiga garken maƙwabcinsa, shanu biyu sun kwanta. A kular akwai allurar rigakafi da ƙanƙara. Bazara ce, in ƙanƙarar ta narke kafin na isa, maganin ya tashi aiki.

Na buga kik, na murza totur sau uku da ƙarfi kamar yadda na saba, na kama hanya. Babur ɗin ya yi wata biyu yana wata 'yar ƙara daga saman inji, ƙas-ƙas-ƙas, amma tun da yana tafiya ban taɓa kula ta ba.

Dalijan zuwa Birnin Kebbi

Na wuce Dalijan gari na wayewa. Kafin Ambursa na tarar da shingen jami'an tsaro, ɗayansu ya nuna kular da baki.

"Malam, mi ke ciki?"

"Allurar shanu ce, yallaɓai."

Ya ɗaga murfin, sanyi ya bugi hannunsa, ya yi dariya. "Rufe maza. Amma mashin ɗin nan naka shi ma yana son allura."

Ni ma na yi dariya, na wuce. Bakwai da minti ashirin na shiga Birnin Kebbi, kimanin kilomita hamsin ke nan daga gida. Na tsaya na sha koko da ƙosai a tsaye. Da na sake tada babur sai da na buga kik sau shida. Daga nan ƙarar ta koma kamar ana dukan tukunya da cokali, ƙarfinsa ya ragu, mai keke ma ya kusa riga ni. Tafiyar da ba ta kai kilomita ashirin ba zuwa Kalgo sai da ta ci mini minti hamsin.

Kalgo

A bakin gari babur ɗin ya mutu murus. Wata mai tallar nono ta ga ina turawa, gumi ya jiƙe mini riga, ta ce, "Ga Baba Altine can ƙarƙashin dogon yaro, nan 'yan kabu-kabu ke kai nasu."

Dattijo ne siriri, gemunsa fari fat, yana zaune a kan tabarma ya jera sifanoninsa a kan buhu daga ƙarami zuwa babba. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke cikin kula. Ya sa na yi ta kik har injin ya kama, ya ɗora bakin sukudireba a kan murfin sama, ya kara kunnensa a mariƙin, ya rufe ido.

"Kashe, ɗana. Bawul ne, 'yar ƙofar da inji ke numfashi da ita, da ƙarahunan da ke danna shi. Yaushe rabonka da juyen baƙin mai?"

Na fara ƙirga watanni da yatsu.

"Ya isa, ka riga ka ba ni amsa," in ji shi. "Ba a saita bawul inji na da zahi, sai ya huce. Maganinka kuwa ba ya jira."

Ya miƙe ya yaye wani tsohon bargo. Babur ne da fentinsa ya koɗe, kujerarsa duk faci. Ya ce na kwance kular na ɗaura a kansa. Na ce, "Baba, ko sunana ba ka sani ba."

"Shanun sun san sunanka? Hau ka tahi."

Bugu ɗaya ya tashi. Na kai hannu zan murza totur, ya riƙe mini wuyan hannu. "Bar shi ya numfasa. Mai na ƙasa, bawul na sama. Sai ka ba shi lokaci ya hau." Muka tsaya minti biyu. Ban taɓa jin inji mai laushin murya irin wannan ba, kamar keken ɗinki, alhali ya girmi nawa nesa ba kusa ba.

Wurogauri

Tara da kwata na bar Kalgo. Minti arba'in na yi a hanyar yashi tsakanin gonakin da aka share ana jiran ruwa, tsohon babur ɗin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Na sami Ardo Umaru da 'yan'uwansa sun riga sun tara shanu a inuwa. Na buɗe kula. Ƙanƙarar ta narke rabi, amma kwalaben na nan da sanyinsu.

"Alhamdu lillahi. Likita, mu fara," in ji Ardo.

Suna kamawa ina tsirawa, ba mu gama ba sai bayan azahar. Inna Hajo, uwargidan Ardo, ta aiko da fura da kindirmo mai kauri, da dare kuma tuwon dawa miyar kuka da man shanu. A ɗakin baƙin Ardo na kwana. Da na ba shi labarin mai babur, ya ce, "Altine? Ai kiwo ya yi kafin ya kama ƙarhe. Yadda yake duba saniya haka yake duba inji."

Kalgo, ranar Laraba

Ƙarfe takwas na dawo. Baba Altine ya baje kayan saman injina a faranti, ya ce na zauna.

Ya ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe da suke kira roka, mai danna bawul ya buɗe. Bakinsa ya cinye ya yi kwarmi kamar tsohon turmi. Ya sa na shafa kam, sandar da ke juyawa tana ɗaga rokar, na ji zane-zane a ƙarƙashin yatsana. Sannan ya ɗigo mini tsohon man a tafin hannu.

"Murza."

Na murza, na ji tsaki-tsaki.

"Yashi ne. Soson da ke tace iska ya yage, injinka na shaƙar ƙasar Gwandu tun bara. Man kuma na kwalba ne na bakin hanya, ya tsinke kamar ruwa. Ragar da ke tace shi ta toshe, abin da ke isa sama kaɗan ne. Ƙarhe na cin ƙarhe, giɓi na buɗewa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji."

Ya riga ya aika Birnin Kebbi an sayo sababbi. A gabana ya haɗa. Ya zura wani siririn ƙarfen awo tsakanin roka da kan bawul, yana ɗaurewa yana sassautawa, har ƙarfen ya riƙa wucewa da ɗan tauri. Na ce me zai hana ya matse gaba ɗaya ƙarar ta ɓace?

"Haka wasu ke yi don mai mashin ya ji daɗi. In ya matse, bawul ba ya ruhuwa, sai wuta ta ci bakinsa. Gara mai surutu da wanda ya yi shiru yana ƙonewa."

Ya ce na riƙa juye a kan lokaci da man gwangwani rufaffe, na wanke soson iska duk sati tun da hanyata ta yashi ce, na kawo a duba giɓin ko ba na jin komai. Ya naɗe tsohuwar rokar a takarda ya ba ni. "Kai likita ne. Aje ta inda kake gani."

Komawa gida

Sha ɗaya da rabi muka yi sallama. A Dalijan na tsaya shan ruwa, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya kusa da ni da buhu biyu na gero, injinsa na ƙas-ƙas-ƙas. Shekara nawa ina jin wannan ƙara a titi, sai ranar ta dame ni. Na ciro rokar na nuna masa. Ya juya ta, ya sa babban yatsa a kwarmin, ya dubi babur ɗinsa.

"Malam, a ina mutumin yake?"

Na kwatanta masa bishiyar dogon yaron nan ta bakin Kalgo.

Biyu saura na shiga Gwandu. Bayan sati uku Ardo ya bugo ya ce ban da biyun farko, ko saniya ɗaya ba ta sake kwantawa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ardo da Inna Hajo. Baba Altine kuwa, wanda ya miƙa wa baƙo babur ɗinsa bai tambayi sunansa ba, Allah ya ƙara wa kunnen nan nasa lafiya.