Ranar da Aka Yi Wa Baba Jajen Keke

Akwai wata ƙara da keke yake yi idan mai shi ya daina taka feda ya bar ƙafar tana juya kanta, wani ƙas-ƙas-ƙas siriri kamar ana tsince wake a faranti. Ka san ta, ko da ba ka taɓa tsayawa ka saurara ba. Shekaranjiya da hantsi na ji ta ta bayan katangarmu a nan Kano, wani ya wuce abinsa, ni kuwa da ludayi a hannu sai ga ni a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina yarinya, ina bin bayan Baba a gangaren wani tudu.

A titin Liuhua Lu muka zauna, can saman wani dogon bene da Mama take kira akurkin kaji, don ba tsakar gida, ba inda za ka shanya ko tabarma. Aikin Baba shi ne sayo wa 'yan kasuwar Kano kaya, ya ɗaure, ya kai filin jirgin Baiyun a saka a jirgi. Ba shi da shago, ba shi da masana'anta. Jarinsa duka sunansa ne. Mutum yana kasuwar Kwari zai damƙa maka dukiyarsa a ƙasar da bai taɓa gani ba ne kawai idan ya tabbata kana tsaye da ƙafafunka.

To, ƙafafun ne suka fara ba shi matsala. Ciwon suga ya kama shi, tafin ƙafarsa ya riƙa mutuwa, har ya ce ji yake kamar a kan katifa yake tafiya. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya motsa jiki sosai, ko wata rana a yanke. Daga Mama sai ni muka san wannan magana, aka kuma ja mini kunne cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wani Basine mai sayar da kayan keke, wanda kowa yake kira Lawban, wato maigida, shi ya kawo shawarar keke. Duk Lahadi shi da abokansa suna fita bayan gari. Baba ya dube shi ya ce, "Ni Alhaji, a kan keke?" Kada ka yi masa dariya. A wancan zamani, a wurinmu, wanda ya taɓa riƙe makullin mota idan aka gan shi a kan keke ba a tambaya, an san ya karye. Dabarar da suka yi ita ce a tafi nesa. Lawban ya riƙa zuba kekunan a bayan motarsa, sai mun fita daga gari, inda ba Bahaushen da zai gifta, sannan a sauke. Ni kuma Mama ce ta cusa ni, da dabino cike da aljihu, in na ga hannun Baba yana rawa in miƙa masa.

Tuddan arewacin gundumar Huadu, inda muke zuwa, ba duwatsu ba ne masu ban tsoro. Hawa ne da gangara, ka gama wannan wancan ya taso, hanya tana lanƙwasa tsakanin gonakin laici da tafkunan kifi. Da damina ƙasa tana ƙamshin jiƙa, gyare yana kuka har kunne ya toshe, zafi kuma mai danshi ne, irin wanda yake manna maka riga a baya. Tsofaffin mata da malafa suna zaune bakin hanya da kwandunan laici, wasu 'ya'yan itace jajaye, ka ɓare ka ga fari sol yana ɗigar ruwa. Abokan Lawban suna sanye da matsattsun kaya masu sheƙi. Baba ya ce shi kam ba zai nuna wa duniya tsiraicinsa ba. Da 'yar shara yake hawa, ya cusa ƙafar wando cikin safa, hularsa tana nan daram a ƙarƙashin hular kwano.

Da farko ko rabin tudu ba ya kaiwa sai ya sauka ya tura, yana haki, ni kuwa ina wuce shi ina kaɗa ƙararrawa don tsokana. Ya ce bari dai, rana tana zuwa. Ta kuwa zo. Idan muka kai ƙoli muka saki feda, ƙarar nan ta tashi, iska ta cika masa riga, sai in ji yana dariya irin wadda ban taɓa ji a gida ba. Ina son Baban nan na kan tudu fiye da na cikin gari, wanda kullum waya take manne a kunnensa.

Idan sanyi ya shigo sai a juya kudu, Nansha, inda kogi yake buɗe baki ya shiga teku. Can ba tudu, amma iska ta fi tudu mugunta, tana tura ka baya kana turawa gaba. Hanyar tana bin saman katangar da ta tare ruwa, gonakin ayaba a hannu ɗaya, a ɗayan kuma ruwa mai launin ƙasa, da ƙarnin kifi da laka. Manyan jirage suna wucewa a hankali ɗauke da kwantena, Baba ya nuna ya ce wataƙila atamfar wani tana ciki. Idan azahar ta yi ya shimfiɗa ɗankwalina na biyu a kan siminti ya fuskanci yamma, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, ni da na tashi na ji ana cewa a dubi gabas. Wata safiya bayan irin wannan fita ya tsaya a tsakar ɗaki ba takalmi, ya kira Mama ya ce, "Na ji sanyin ƙasa." Mama ta juya ta shiga kicin don kada mu ga idonta.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar ta zo wa mutanenmu da wuya. Biza ta yi tsauri, wasu suka tattara suka koma gida, kullum sai ka ji an ce wane ya durƙushe. A cikin wannan yanayi ne wani ɗan Kano da ya kai kaya sito kusa da filin jirgi ya bi wata hanya ta cikin tuddai, ya hango Baba ta tagar mota. Ranar kuwa an yi rashin sa'a, taya ta yi faci, Baba yana tura keke gumi sharkaf, da kwalin laici ɗaure a baya, ga 'yarsa tana biye. Me kake so ya ɗauka? Ya koma ya ce ya ga Alhaji da idonsa yana dakon kaya a keke.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, sai ga mutanenmu a ƙofarmu. Wani dattijo ɗan Maradi ne a gaba, mutumin da duk Hausawan garin suke kira Baba Tsoho, wanda ko ana zafin da kare yake laɓewa ba ka ganinsa ba safa. Bayansa buhun shinkafa da jarkar mai. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ba wanda ya ambaci keke. Can dattijon ya ce, "Alhaji, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da ya hwaru gare ka ya hwaru ga waɗanda sun ka fi ka. Allah shi mayar da alheri."

Ina leƙe ta bayan labule na ga Baba ya gane.  In ya ce ba karyewa ya yi ba, sai ya faɗi dalilin keken, kuma wa zai ba da dukiyarsa ga mutumin da ake batun yanke wa ƙafa? Sai ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci. Da suka tafi ya ce wa Lawban ya riƙe kekensa, shi ya gama.

Damina ta ƙare muna akurki. Na yi fushi da shi, na daina kai masa shayi sai an aike ni. Wata rana da safe na ga ɗigon jini a kan tayil, daga ƙofar kicin har gaban kujerarsa. Ya taka fasasshen kofi bai sani ba, yana zaune yana waya hankali kwance. Mama ta durƙusa tana cire kwalbar, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Alhaji, wannan mutuncin da kake tattali, da shi za ka taka idan an yanke ƙafar?"

Da ciwon ya warke, ranar wata Juma'a, Baba ya karɓo kekensa daga wurin Lawban, ya sa babbar riga ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ya hau keke tun daga Liuhua Lu har Masallacin Huaisheng, ina biye da shi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya jingine shi a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Bayan sallama ya tsaya cikin mutanenmu ya ce, "Jama'a, ban karye ba. Suga gare ni. Likita ya ce ko keke ko wuƙa, na zaɓi keke. Wanda ya ga ba zai iya ba ni kayansa ba, ba na jin haushinsa."

 Sai dattijon nan ya zauna a bakin dakali, ya tuɓe safarsa a gaban kowa. Yatsun ƙafarsa ta hagu ba su cika ba. Ya ce, "Ni ma lokotoro ya hwaɗa mini, tun da daɗewa. Kunya ta hana. Da na ga wani babba bisa keke a lokacin, da yanzu suna nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ki riƙa kai shi, ko ya ƙiya."

Ba zan ce maka komai ya tafi daidai ba. Wasu sun janye kayansu, kuma ba su dawo ba. Shinkafar jajen dai Mama ta dafa ta, ta aika wa duk wanda ya zo, ta ce su ci abinsu. Mu kuwa Lahadi ta gaba muna Nansha, iska tana tura mu baya.

Dattijon ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Mun dawo gida, an ce mini gonakin ayaba da yawa sun zama benaye. Abin da yake ba ni dariya shi ne yanzu da sassafe sai ka ga samari a titunan unguwar Nasarawa da matsattsun kayan nan da hular kwano, mutane suna nuna su suna cewa 'ya'yan masu hali ne. Abin da aka yi wa Baba jaje a kansa, yau shi ake yi wa kallon arziki.

Baba ya tsufa, ya bar hawa, kunnensa ma ya yi nauyi, bai ji ƙarar da na ji shekaranjiya ba. Amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Ranar ina tsaye da ludayin nan sai na ji shi daga baranda yana faɗa, wai wa ya zubar da ruwa a hanya, ya taka sanyi. Na ce ina zuwa da tsumma. Sai da na ɗan tsaya na bar shi ya ƙara yin faɗan, sannan na je na goge.