Cokalin Adama

Har gobe ban manta da ranar da mataimakin firinsifal ya kira ni ofis a kan Adama ba. Lokacin ni ce shugabar sashen girke-girke a wata sakandaren koyon sana'a da ke wajen Kurudu. Ƙa'idarmu ita ce duk ɗalibin aji uku da ya faɗi gwajin girki sau biyu, ba a sa sunansa a jarrabawar ƙarshe. Adama ta faɗi sau ɗaya, na biyun kuma ya matso.

"Madam, yarinyar nan ba ta da hannun girki, a sallame ta kawai," in ji shi.

Na ce, "Oga, a ba ni zuwa ƙarshen wata."

Abin ya ɗaure mini kai. Adama 'yar Fulani ce daga wata ruga a bayan gari, ga tsafta, ga saurin hannu, a rubutu ma ba ta baya. Amma miyarta, wayyo! Yau lami, gobe gishiri zau. Sauran 'yan ajin, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata, kowa na lasar cokali yana surutu. Da na sa mata ido sai na ga ita cokali bai taɓa zuwa bakinta ba.

Na tsare ta na ce, "Ke, azumi kike yi ne kullum?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Malama, a gidanmu ba a ci a gaban babba."

Ashe kunya ce ke neman cinye mata shekara uku! Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ɗanɗano ba ci ba ne, duk a banza. Wallahi raina ya ɓaci, don na san in ta koma ruga ba takarda, ƙannenta mata ba wadda za a sake turowa.

Ranar Asabar na bi mahaifiyarta kasuwa inda take sayar da nono. Muna cikin gaisawa sai na ga ta ɗebi nono a ƙaramin ludayi, ta juya wa ƙwaryar baya, ta kare baki da mayafi, ta ɗanɗana. Na ce, "Inna, abin da kika yi yanzu, shi za ki koya wa Adama."

Ta yi dariya ta ce, "Wannan ma sai an koya?"

Ta kuwa koya mata. Adama ta tsallake gwajin na biyu, aka sa sunanta. Ranar jarrabawar ƙarshe aka turo wata jami'a daga waje, mace marar fara'a. Adama ta ɗauki cokali mai tsafta, ta ɗebi miya, ta juya wa tukunya baya, ta kare baki ta ɗanɗana, sannan ta jefa cokalin a ruwan wanki. Jami'ar ta tsayar da kowa. Na ɗauka laifi ta gani.

"Ku dube ta, haka ake yi," in ji ta. "Ba a ɗanɗano a kan tukunya."

Da sakamako ya fito Adama ce ta ɗaya a sashen. Na yi guɗa a tsakiyar ofis, Oga da kansa ya ce in ƙara.

To ku sababbin malamai, kowane yaro da gidansu yake shigowa aji. Kafin ku ce ba shi da hannu, ku je ku ga yadda uwarsa take riƙe ludayi. Bana ƙanwar Adama tana aji ɗaya a wurina.