Ni Na Faɗi Inda Gwankaye Ke Shan Ruwa

Ranar Laraba ce, tsakiyar rani, ina gida hutun makaranta. Inna na dama kunun tsamiya. Baba zai wanke kekensa, ya ciro agogo ya ce in riƙe masa, ya manta bai karɓa ba. Shi ya sa na san lokutan wannan rana ɗaya bayan ɗaya.

Baba malamin daji ne. Ya daɗe yana bin mutanen ƙauyenmu da Fulanin rugar Baffa Juli da lallashi, har suka yarda: ba sara, ba wuta, ba harbi a dajin da ke gabas da mu. Duk bayan kaka manoma da makiyaya kan fita gayya su share gefensa saboda gobara. Ana haka gwankaye suka dawo tafkin ƙirya. Goma sha ɗaya. Dattawa suka ce kada a faɗa wa baƙo. Har yara suka riƙe bakinsu.

Ni ce ban riƙe nawa ba. Kwana shida kafin nan, a kasuwar Anka, wani mai sayar da fatun namun daji ya gane ni. Ya ce ubana na gadin dajin da ko zomo babu. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci. Na ce akwai gwankaye, da idona na ƙirga su, da hantsi suke zuwa tafkin ƙirya. Har na ƙara da cewa ta burtali ake shiga. Ya ci gaba da jera fatunsa. Wallahi na ɗauka na kare mutuncin Baba ne.

Ƙarfe takwas da minti goma muka ji ganga. Ba ta biki ba ce, ta farauta ce. Sai haushin karnuka, da yawa, ba namu ba. Baba ya ajiye ludayi. Takwas da rabi hayaƙi ya tashi daga gabas, iska kuwa wajenmu take busowa. Sun sa wuta ne don ta koro namun zuwa tafki.

Baba ya sa kakinsa da hula, ya turo kekensa. Maza suka karyo ɗanyen ganye na bugun wuta. Baffa Juli ya iso da sandarsa. A bakin ƙofa Baba ya waiwayo.

"Kada wadda ta hita!"

Na so in ce masa wani abu. Ya juya ya fice.

Tara da kwata bindigar toka ta farko ta tashi, ƙara mai nauyi. Shiru. Sai uku a jere. Ganga ta tsaya. Inna ta goya ƙanwata Luba, ta ɗaure zani tamau.

Goma saura minti ashirin wata macen gwanki ta shigo gari ta lungun masallaci, jini na zuba a kafaɗarta. Ta faɗi a bakin rijiya tana shure-shure. Ina leƙe ta kafar danga. Mafarauta suka biyo ta da gora da adduna, layu har gwiwar hannu. Mai fatu na cikinsu. Ya hango ni, ya ɗaga hannu kamar mai gaisuwa.

Samarinmu suka taso musu. Ƙarar gora kan gora. Wani ya kurma ihu. Ɗaya daga cikin baƙin ya cusa damin ciyawa mai ci a jikin danga. Daga danga ta kama rumbu, daga rumbu ta kama jinka. Gero na fashewa kamar ana toya shi. Wani dattijo ya ɗaga murya daga waje.

"Ku hita! Mata ku nuhi gulbi!"

Muka fita ta bayan gida. Inna ba ta ɗauki komai ba. Ni ma ba komai sai agogo. Takalmina ɗaya ya tsinke a gonar dawa, na yar da ɗayan. Tushiyar kara ta tsaga mini ƙafa, ban ji ba sai daga baya. Tsuntsaye na wucewa ta kanmu, ƙasa-ƙasa. Wata barewa ta gifta mu, hanyarmu ɗaya da ita.

Sha ɗaya da rabi muka faɗa gulbi. Ba ruwa, sai rairayi mai ƙuna. Matan ruga sun riga mu, da ƙorai da 'yan maruƙa. Matar Baffa Juli ta tona rairayi da hannu har ruwa ya tsattsafo, ta fara ba Luba. Muka bi gulbin yamma. Duk wadda ta waiwaya sai ta ga hayaƙi ya ƙara faɗi.

Da azahar muka yi taimama a gindin wata tsamiya. Ban san abin da na karanta ba.

Ƙarfe huɗu da minti biyar na ji ƙarar sarƙar keke. Na miƙe. Baffa Juli ne ke turo shi, gemunsa ya babbake, hular Baba na rataye a kan hannun keken. Ya ce Baba ya tsaya tsakanin tafki da bindigogi, ya ɗaga hula yana kiran su tsaya, suka harbe shi. An binne shi kafin la'asar. Inna ta zauna a ƙasa. Can ta ɗago.

"Baffa, wa ag gaya musu?"

Ya ce Allah kaɗai ya sani. Na dubi agogo.

Yanzu muna Bukkuyum, gidan kawuna. Gidaje tara suka ƙone, da rumbunan da ke cikinsu. Fulanin ruga sun tashi, dajin ba ciyawa. An ce an ga sawun gwanki biyu sun yi kudu. Kullum da safe Inna kan ce in ba agogon wani, in murɗa shi kada ya tsaya, tana sa mini albarka da na fito da shi. Tambayar kuwa sau ɗaya ta yi. Yau wata huɗu ke nan ban amsa ba.