Yadda Godiya Ta Samo Ranar Alhamis

Ranar an tashi da zafin bazara, hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zubowa. Ina gonata ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, wajen Bunkure, sai ga Godiya 'yar maƙwabcina Barau, alhali ba lokacin hutu ba ne.

Yarinyar nan a cikin tumatir ta tashi, da ta shiga jami'a a Kano ma noma ta karanta. Rani guda ta yi tana bin gonakinmu tana ɗaukar hoton ganyen da tsutsa ta ci, don aikinta na kammala karatu. Wayarta ba ta da wurin ajiya, sai ta riƙa zuba hotunan a kwamfutar makaranta da ɗalibai ke tarayya a kai, tana goge na wayar.

"Baba, sun toshe," in ji ta.

Ta yi min bayani a hankali, don ni karatuna bai wuce allo ba. Wasu ne suka cika kwamfutar da finafinai har ta kamu da cuta, masu kula da ita suka hana kowa fitar da komai. Tana ganin hotunanta, amma ba damar ta kai a buga. Tumatir kuwa ya ƙare, balle ta sake ɗaukar wasu. In ba su fito ba, sai ta maimaita shekara.

Na ce Allah ya kawo mafita. Ita kuwa kanal take kallo.

"Baba, bara da aka rufe muku ƙofar ruwa, me kuka yi?"

Na ce gayya muka yi, muka yashe ciyawar ɓangarenmu, sannan muka ce masu kula da kanal su zo su gani, suka buɗe mana.

Washegari ta koma. Ta bi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon kowa ya goge tarkacensa daga kwamfutar. Wasu suka sa mata suna Sarkin Noma, wasu suka ƙi, ba ta fasa ba. Sannan ta sami Malam Musbahu, babban mai kula da kwamfutar.

Ya ce, "'Yar nan, in na buɗe yau, gobe su sake cikawa."

Ta ce, "Kada a buɗe kullum, Malam. Mu a gida kowane layi da ranar ruwansa. A ba mu rana guda, kana tsaye."

Ya ce ba shi kaɗai ke yankewa ba. Ta yi ta sintiri ofishinsa har damina ta sauka, masinja ma ya daina tambayarta wa take nema. Daga ƙarshe aka ba su safiyar Alhamis, Malam Musbahu yana zaune a gefe. Wasu hotunan cutar ta lalata su, amma waɗanda suka tsira sun isa. Ta kammala karatu tare da 'yan ajinsu.

Yanzu malamar gona ce a Kura, takan zo kan babur ta duba mana ganye. Ta ce min har yau ranar Alhamis kaɗai ake buɗewa.