Daga Garwa Zuwa Mora Neman Ɗakin Kwana

Mun tashi daga Garwa da asubar Lahadi, ni da wata ɗalibar kwalejin horar da malamai. Ga wanda bai sani ba, a ofishin jin daɗin jama'a nake aiki, kuma duk ɗalibin da ya rasa wurin kwana a kaina ake sauke shi. Wannan 'yar Mora ce. Ɗakunan kwanan makaranta sun cika, malamar da ta riƙe ta kuma an mayar da mijinta Yawunde, sun kwashe har tabarma. Tun daga nan yarinya take raɓe-raɓe, yau gidan wannan ƙawa, gobe gidan waccan, akwatinta a bayan aji. Darakta ya ce in wata ya ƙare ba ta da tsayayyen mai riƙo, ta koma gida. Shekara ɗaya ta rage mata ta fito malama.

Na tambaye ta dangi a Garwa, ta ce babu. Uba fa? Wai atamfa yake sayarwa a Mora. Na ce ɗan kasuwa ba ya rasa abokin ciniki a Garwa, tashi mu je in ji daga bakinsa.

An ɗura mu a motar haya kamar auduga a buhu. Direba ya rantse ba zai tsaya ba sai Marwa, ko Pitowa ba mu wuce ba ya ɗauki akuya biyu da mai su. A Figil itatuwa sun yi furfura da ƙurar siminti. Gaba kaɗan jandarmomi suka ce kowa ya fito da katin shaida. Wani tsoho ya naɗe nasa cikin fata, fatar cikin tsumma, tsumman cikin hula. Kafin ya warware na kusa fizgewa in taya shi.

Marwa dai ta fi mu inuwa, dole in faɗa. Kogin ya ƙafe, mata na tonon yashi suna ɗiban ruwa. Albasa kuwa arha kamar a ce zo ka ɗauka, har na ji haushin mai sayar mini a gida. Na sha kunun gyaɗa da ƙosai. Abokiyar tafiyata ko taɓawa ba ta yi ba. Daga nan muka nufi duwatsun Mora.

Mun iske kasuwa ta cika maƙil, mutanen dutse sun sauko da kayansu. Na miƙe layin 'yan atamfa, na waiga, yarinya ta kafe. Sai wani dogon mutum ya leƙo daga rumfar mahauta, wuƙa a hannu, ya ce, "Kai! Uwata ce wannan?" Ashe babanta ne, sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta durƙusa nan cikin ƙudaje.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ni atamfa aka ce mini kana sayarwa."

Ya dubi rigarsa da jini ya ɓata. "To ga ta nan, Malama, ja da fari."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya shimfiɗa mana buzu, ya sa aka kawo tsire, na zayyana masa komai. Da na zo kan akwatin bayan aji sai ya ajiye wuƙar.

"'Yar mahauci ta rasa wurin kwana a garin da ake yanka?" Ya ce daga Kolofata har Maiganga, ɗan pawa in ya sauka gari gidan sarkin pawa yake nufa, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Ita ma ta sani.

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, in 'yan ajinmu suka ji, ba mai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni."

"Naman fa, suna ci?"

Ya ce ba zai tilasta ta ba: ko gidan sarkin pawa, ko ta zauna Mora, ɗakin uwarta na nan. Ya ƙunsa kilishi ya ce a kai wa sarkin pawan Garwa, in an je.

Mun kwana, washegari muka juyo. Duk rashin haƙurina na kame bakina har Garwa, abin da uwata ma ba za ta yarda na iya ba. Muna sauka a tasha da la'asar ta ce, "Yaya, mu fara ɗauko akwatin." Ta ɗora shi a ka daidai lokacin da ɗalibai ke fitowa. Wata ta ce ina zuwa? Ta ce, "Gidan sarkin pawa. Sana'arsu ɗaya da babana."

Matar sarkin pawa ta karɓi kilishin, ta ce da 'ya'yanta mata su matsa su ba baƙuwa wuri. Gidan kuwa, daga taga ta ofishina ana hango rufinsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. In ɗalibi ya ce ba shi da kowa, zan daina sauri in rubuta. Wani da gaske ba shi da su. Wani kuwa yana da su, kunyar ambatonsu yake ji, kuma ya gwammace ya kwana a bayan aji.