Yadda Na Je Gozaki Neman Asalin Mace-ko-Namiji

Ƙarar tsohon linzami ce ta jawo tafiyar. 'Yata Hajara ta faɗo da shi daga ƙusa tana shara, na ce na Baffa Garba ne, ƙanin mahaifina, da shi ya yi Mace-ko-Namiji. Wannan doguwar kilisa ce da samarin Gozaki ke yi bayan cirar auduga: su je Dayi, su dawo, su sake komawa, dokin da bai sare ba shi ya ci.

"Inna, me ya sa ake ce mata haka?"

Na yi sakandare, amma ban sani ba. Ga shi an aiko cewa Baffa na kwance ba lafiya, kuma babu wanda ya san asalin kamarsa.

Funtua, Talata. Mun tashi ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, a motar irin auduga. Direba ya ce, "Malama, riƙe ƙwaryar furarki, motar nan ba ta san rami ba sai ta faɗa." Rabin furar a zanena ya isa Malumfashi, ƙarfe tara da rabi.

Gozaki. Bayan azahar na sauka daga amalanken da na hau a Malumfashi. Baffa ya rame ƙwarai, amma da na tambaye shi sai ya yi dariya har da tari.

"Ni aka aika Dayi in kai wa surukan Yaya albishir. Na isa a sukwane, na ce an haihu. Tsohuwar gidan ta riƙe goron albishir, ta ce mace ko namiji? Ni kuwa ban tambaya ba kafin in tafi. Na komo, na ji, na sake komawa. Dokin bai ko yi ɗingishi ba, shi ya sa samari suka maida abin gasa."

"Wa aka haifa, Baffa?"

"Ke mana. 'Yar fari ce ke, wa zai ba ki labarin? Iyayenki ko sunanki ba sa faɗa."

Na juya fuska na gyara mayafi. Kwana biyu na yi ina dama masa kunu, ya fara zama da kansa.

Funtua, Alhamis. Mun iso da la'asar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Hajara ta saurara har ƙarshe, ta shafa linzamin.

"Inna, ashe tun ran da aka haife ki kike aiken mutane sau biyu."