Rumbun Fulawa a Tayuri

Shekarun baya, zamanin da Libiya ta buɗe ƙofarta ta ce ɗan Afirka ya shigo ya nemi abincinsa, ina aikin gini a Sabha. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram. Muna haya a unguwar Tayuri ni da maiɗakina, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a hannun wani dattijo Balarabe da kowa ke kira Hajj. Aiki bai taɓa yanke mini ba, yau unguwar Gurda gobe ta Sukra, ko'ina bulo ake ɗorawa. Burodi kuwa arha kamar kyauta, wanda ya kwana ma tumaki ake zuba wa. Gwamnati ce ke ɗauke da rabin nauyin fulawa da mai da sukari. 'Yan ƙasa su je shagon rabon kayan tallafi, wanda suke kira jam'iyya, su ɗebo rabonsu, mu baƙi mu ci albarkacinsu.

Da wannan daɗin duka, ni matsoraci ne, kuma na san inda na samo tsorona. Ina saurayi aka karya darajar sefa. Gwamnati ta fito a rediyo ta ce magani ne, a daure, kowa ya tsuke bakin aljihu. Albashi ya tsaya, aka rage ma'aikata. Ƙanin mahaifina, wanda muke tunƙaho da shi saboda yana aikin ofis a birni, ya dawo ƙauye da matarsa da 'ya'yansa, katifu a ɗaure a saman mota. Rumbun mahaifina ne ya riƙe gidajen biyu har kaka ta zo. Tun daga lokacin na sa a raina cewa duk abin da manya za su faɗa a rediyo su faɗa, ni dai in ga hatsi a rumbu.

To, wata shekara sai labari ya cika talabijin cewa bankunan Turawa suna rushewa. A shagon shayin da muke zama bayan aiki, kullum sai an nuno wasu masu ƙananan kaya suna fitowa daga manyan gine-gine rungume da kwalaye. Shugabanni suna ta taro, wannan ya ce zai zuba wa bankuna kuɗi, wancan ya ce zai rage kashewa. Wani abokina Bakano, mai gyaran lantarki, shi ne mai yi mana tafsiri.

"Ku 'yan Nijar ba ku san SAP ba, shirin tsuke bakin aljihun da aka yi mana a Najeriya," in ji shi. "Haka ta fara mana. Man fetur zai faɗi, in ya faɗi su cire tallafi, shi ke nan burodin nan da kuke ba akuya sai kun gan shi a mafarki."

Na ce, "Mu ma mun ga tamu."

"To ka shirya ganin ta biyu."

Da wasa ya faɗa, har yana kurɓar shayinsa. Ni kuwa maganar ta shige ni har ƙashi, musamman da yake maiɗakina na da ciki, cikinmu na fari, bayan mun daɗe muna roƙon Allah.

Washegari na fara kwaɓa ƙasa a tsakar gida. Magini ne ni, hannuna ya san hanya. Na ɗora shi a kan duwatsu yadda mahaifina ke yi, na yi masa tumbi, na tsuke wuyan, na yi masa murfi. Rumbu sak, a tsakiyar Sabha. Gero ba ya samuwa da arha a can, saboda haka na koma wa fulawa. Duk gidan da na yi wa aiki sai in ce su ba ni wani ɓangare na ladana da buhun jam'iyya. Su ma daɗi suke ji, don rabon nasu ya fi ƙarfin cikinsu. A hankali a hankali rumbu ya cika har wuya.

Maiɗakina ta yi magana tun farko. Ta ce, "Malam, gero da zangarniyarsa ake ajiyewa, shi ya sa yake shekara. Wannan gari ne, niƙaƙƙe. Zafin garin nan ba zai bar maka shi ba."

Na ce mata ita dai ta kula da cikinta, harkar tattalin arziki ta bar wa maza. Wallahi haka na faɗa, da bakina, ina tsaye da cokalin gini a hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, gwamnatin ma ta tsorata. Sai ta tsananta a kan masu fasa-ƙwaurin kayan tallafi zuwa iyaka. Aka fara bi unguwa-unguwa ana neman inda aka ɓoye fulawa da mai. Baƙon da aka kama da tarin buhuna ba a tsayawa jin ta bakinsa, a babbar mota ake saka shi da iyalinsa a nufi Sahara da su. An yi wa wani maƙwabcinmu haka muna kallo.

Ranar wata Litinin da hantsi Hajj ya shigo duba famfo. Ya tsaya ya zagaya rumbun, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya sa na ɗaga murfin. Da ya leƙa sai ya dafa bango.

"Ya usta magini, kashe ni za ka yi? Shurɗa, 'yan sanda, sun gama layin masallaci, nan suka nufo. In suka ga wannan, kai mota, ni kotu. Matarka fa? A wannan halin za ta hau bayan mota?"

Na juya na dubi maiɗakina. Tana zaune a bakin ƙofa, ƙafafunta a kumbure, ko tashi ba ta yi sai ta dafa. Na bi hanyar Saharar nan lokacin zuwana, na san yadda take cin mai lafiya ma.

Fitar da buhuna a mota ba zai yiwu ba, akwai shinge a bakin unguwa. Zubarwa kuma Hajj ya ce haram, abinci ne. Muka sauko da buhun farko, lafiya lau. Da muka kai na ƙasa sai ga ƙwari suna yawo a ciki kamar sun biya haya. Maiɗakina ta dube su, ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ce, "Je ka kira mini matan layin nan. Kowacce ta zo da rariyarta. Mai injin taliya ta taho da shi."

Kafin azahar gidanmu ya zama kasuwa. 'Yan Agadas, 'yan Maraɗi, Kanawa, har da wasu 'yan Gana da ke jiran motar arewa zuwa bakin teku, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "kawo" da "ya isa" ba. Wasu na tankaɗe, wasu na kwaɓi, wasu na murza inji. Abin da ƙwari suka ɓata aka kai wa tumakin Hajj. Sauran ya zama fanke da gurasa da cincin, ana ɗiba ana kai wa gidajen da matafiya ke cunkushe. Mafi yawa taliya aka yi. Muka ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango, aka shanya ta, har ta tsallaka gidajen maƙwabta. Ni babban masanin tattalin arziki, aikina shi ne ɗebo ruwa da jan igiya. Duk wadda ta wuce ni sai ta ce, "Sannu da noma, mai rumbu."

Kwana biyu muna wannan fama, a na uku shurɗan suka iso. Babbansu mutum ne mai furfura a gashin baki, ba ya dariya. Ya sunkuya ya ratsa ƙarƙashin taliya, ya tsaya a gaban rumbun.

"Wannan mene ne?"

Hajj ya buɗe baki zai yi magana, babban ya ɗaga masa hannu. Ni yake tambaya. Na tattaro ɗan Larabcina na gaya masa gaskiya, don ƙarya ba ta zo mini ba. Na ce a ƙasarmu a ciki muke ajiye abinci. Na ce na taɓa ganin shekarar da gwamnati ta ce a daure, na ga babban mutum ya dawo gida da katifa a saman mota, na ji tsoro kada ɗana ya zo duniya ya tarar da irinta.

Ya taka dutse ya zura kansa ciki. Ya daɗe. Da ya fito, hularsa da girarsa sun yi fari fat. Ya kakkaɓe hular a cinyarsa, ya dubi igiyoyin, ya dubi maiɗakina da cikinta.

"Uwata," in ji shi, "tun shekarun da aka sa wa ƙasar nan takunkumi take tara gwangwanin mai a ƙarƙashin gado. Mun yi mun yi ta daina, ta ƙi. Har yau ba a share wurin sai ta tsaya a kai."

Ya gyara hularsa. "Rushe shi kafin Juma'a. Ban ga fulawa ba, taliya na gani."

Da yamma na sa masa guduma. Ban ɓoye ba, na ji zafin rushe shi, don ya yi kyau ƙwarai.

Burodi bai ƙara ko sisi ba a wannan shekarar. Abokina Bakano ya ce shi ai wasa yake yi, wa ya aike ni. Mun ci taliya har na tsane ta, kuma har muka bar Tayuri ba wanda ya sake kirana da sunana na yanka.

Yanzu na dawo gida, na tsufa, ina da rumbuna na gero yadda ya kamata. Idan na ji masana a rediyo suna cewa wata karayar arziki na tafe, gabana yana faɗuwa kamar da, ban warke ba. Sai dai na daina ganin laifin mai tsoro, ko talaka ne ko gwamnati. Kowa da irin rumbun da yake ginawa idan ya firgita, wani ya yi amfani, wani ya kusa jawo abin da ya fi yunwar muni. Kuma yanzu in zan yanke shawara a kan abinci, sai na tambayi mai dafa shi.

Bayan makonni kaɗan da zuwan shurɗan naƙuda ta kama maiɗakina. Yarinyar a gicciye ta zo, sai da aka yi aiki a asibitin Sabha aka ciro ta. Likitan ya ce da mun yi jinkiri kaɗan da an rasa su duka biyu. Ina tsaye a barandar asibitin na tuna cewa a wannan makon, da an saka mu a mota, muna wani wuri tsakanin Gatrun da Dirku, inda ko inuwa babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, mutane suna wucewa suna yi mini ta'aziyya, ni kuwa 'ya aka haifa mini.